Tabar Wiwi da Man CBD: Me Gwaji Ya Nuna Game da Rage Raɗaɗi?

A ranar 2 ga Disamban 2020, wakilan ƙasashe 53 suka zauna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a ƙarƙashin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi, domin kaɗa ƙuri'a a kan matsayin tabar wiwi. Tun yarjejeniyar 1961 wiwi take cikin rukunin da ya fi kowanne tsanani, rukuni ɗaya da hiroyin, wato abubuwan da aka yanke cewa haɗarinsu babba ne, amfaninsu ga lafiya kuwa bai taka kara ya karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar a fitar da ita daga nan. Ƙasashe 27 suka amince, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi, tare da Masar da Aljeriya da Rasha da Sin. Maroko da Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda suka amince.

Ƙuri'ar ba ta halatta wa kowa shan wiwi ba, domin har gobe tana cikin abubuwan da dokar duniya ta sa wa takunkumi. Abin da ta yi shi ne amincewa a hukumance cewa tsiron yana da wani amfani a fannin magani. 'Yan kasuwa kuwa ba su jira wannan ƙuri'a ba. Tun kafin lokacin kantunan Amurka da Ingila sun cika da 'yan ƙananan kwalabe na man CBD, da man shafawa, da alewa, da shayi, kowanne da alkawarin cewa zai raba mutum da ciwon baya, da sanyin ƙashi, da ciwon gaɓɓai, da rashin barci. Tallar ta bi intanet ta iso wayoyinmu. Mai fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana ganin ta, yana tambayar kansa ko a nan warakarsa take.

Tambayar tasa ta cancanci amsa ta gaskiya. Masu cewa wiwi ba ta da wani amfani sun wuce gona da iri, masu cewa tana maganin kowane ciwo kuma sun fi su wucewa. An yi gwaje-gwaje masu yawa a cikin shekara 30 da suka wuce, kuma sakamakonsu yana nan a rubuce.

Tsohon magani ne

Ba yau aka fara ba. Likitocin Sin da Indiya sun yi amfani da wannan tsiro tun zamanin da, kuma likitocin duniyar Musulmi sun san shi. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya bayyana irin wanda ya gani ana nomawa a Masar, ya kuma yi gargaɗin cewa yana gusar da hankali. Wanda ya shigar da shi likitancin Turawa shi ne William O'Shaughnessy, wani likita ɗan Ailan da ke aiki a Kalkata ta Indiya. A 1839 ya ba da rahoton gwajin da ya yi a kan masu ciwon gaɓɓai da masu sandarewar jiki ta tetanus, ya ce ya sassauta musu wahala. Daga 1850 har zuwa 1942 ruwan wiwi yana cikin kundin magungunan Amurka, ana sayar da shi a kemis kamar kowane magani.

Abin da ya kore shi daga kemis ba doka kaɗai ba ce. Likitoci sun gaji da shi saboda ƙarfinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: kwalbar yau ba ta yi wa marar lafiya komai, ta gobe ta kwantar da shi. Da asfirin ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, ga kuma allurar mofin da ake iya auna ta daidai, sai aka juya masa baya. Dokar harajin wiwi ta Amurka ta 1937 ta ƙarasa shi. Wannan matsala ta rashin ma'auni ita ce har yau take bin wiwi duk inda aka kai ta da sunan magani.

Sinadarai biyu, aiki daban

A cikin tsiron akwai sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya, amma biyu ne suka yi suna. Na farko THC, shi ne mai sa maye. Na biyu CBD, ba ya bugarwa. Wani masani ɗan Amurka, Roger Adams, ya fara ware CBD a 1940. Farfesa Raphael Mechoulam na Isra'ila da abokan aikinsa suka gano tsarin CBD a 1963, suka ware THC a 1964. Bayan haka, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, aka gano wani abin mamaki: a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙwayoyin garkuwar jikin ɗan Adam akwai wuraren da aka halitta domin karɓar irin waɗannan sinadarai, kuma jiki da kansa yana haɗa nasa makamantan. Ɗakin binciken Mechoulam ne ya gano na farkonsu a 1992. Wannan tsari yana da hannu a yadda muke jin zafi, da yunwa, da barci, da yanayin zuciya.

THC yana kama waɗannan wurare kai tsaye, musamman na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake iya rage yadda saƙon ciwo ke isa ga mutum, kuma shi ya sa yake kawo jiri, da mantuwa, da maye. Amfanin da illar ta hanya ɗaya suke bi. CBD kuwa ba ya kama su da ƙarfi, aikinsa ta wasu hanyoyi ne da masana ke ci gaba da nazari a kansu. Duk wanda zai yi magana a kan "wiwi a matsayin magani" ya kamata ya fara faɗin wanne yake nufi daga cikin biyun, da kuma nawa ne adadinsa. Mafi yawan ruɗanin da ake yi daga nan yake farawa.

Abin da aka gani da aka gwada

Hanyar da likitanci ya yarda da ita wajen tantance magani ita ce a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu na wofi wanda babu sinadarin komai a cikinsa, ba tare da kowa ya san wanne aka ba shi ba, sannan a kwatanta. A 2017 Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka ta duba tarin irin waɗannan gwaje-gwaje, ta ce akwai hujja mai ƙarfi cewa wiwi da sinadaranta suna taimaka wa manya masu ciwon da ya daɗe. Wannan jimla ita ce masu talla suka fi yayatawa. Ba su cika faɗin girman taimakon ba.

Shekara ɗaya bayan haka wasu masana a Ostireliya suka haɗa sakamakon bincike 104 da ya shafi mutum kusan 10,000, suka buga a mujallar Pain. Cikin kowane mutum 100 da aka ba maganin wiwi, kimanin 29 sun ce ciwonsu ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Cikin 100 da aka ba na wofi, kimanin 26 ne suka faɗi haka. Bisa lissafin masanan, sai an ba mutum 24 kafin a sami mutum ɗaya da maganin ne da kansa ya yi masa aiki. A ɗaya ɓangaren, cikin kowane mutum 6 akwai ɗaya da zai gamu da illar da ba zai samu daga na wofi ba: jiri, gyangyaɗi, tashin zuciya, ruɗewa. A shekarar ce kuma ƙungiyar Cochrane, wadda ta yi suna wajen tace sakamakon bincike, ta duba gwaji 16 a kan ciwon jijiya, da mutum 1,750, ta ce mai yiwuwa illar ta rinjayi amfanin.

Inda alamar amfani ta fi fitowa shi ne ciwon jijiya, irin zugi da ƙuna da masu ciwon suga ko masu cutar ƙanjamau kan ji a ƙafafu, da kuma ƙagewar tsoka ta masu wata cutar laka da ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira MS. Saboda masu wannan cuta ne Kanada a 2005, da Ingila a 2010, suka amince da Sativex, wani maganin feshi a baki mai ɗauke da THC da CBD kusan daidai wa daida. Amma da aka gwada wannan magani a manyan gwaje-gwaje a kan masu ciwon daji da mofin ya kasa kwantar musu da raɗaɗi, bai fi na wofi ba a babban ma'aunin da aka sa. A kan ciwo na farat ɗaya kuwa, irin na bayan tiyata ko karaya, babu wata hujja mai ƙwari.

Shi ya sa manyan hukumomi suka rabu. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar ba da magani, ta ce a 2019 kada a rubuta wa masu daɗaɗɗen ciwo maganin wiwi. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, IASP, ta ce a 2021 ba za ta goyi bayan amfani da shi gaba ɗaya ba sai an sami ingantacciyar hujja. A shekarar nan ɗaya wani kwamitin masana da marasa lafiya ya ba da shawara a mujallar BMJ cewa idan magungunan da aka saba sun gaza, ana iya gwada na wiwi wanda ba na zuƙa ba, a fara da kaɗan, ana lura. Su da kansu sun kira shawarar tasu mai rauni. A 2025 wani kamfanin Jamus ya fitar da sakamakon gwajin ruwan wiwi mai tsayayyen ma'auni a kan mutum 820 masu ciwon baya, ya kuma fi na wofi da kimanin rabin maki a ma'aunin da ke tashi daga sifili zuwa 10. Sakamako ne na gaske, kuma ƙarami ne.

Akwai wata matsala da ke damun duk waɗannan gwaje-gwaje. Wanda aka ba THC yakan gane, domin kansa yana gaya masa. Da zarar ya gane cewa na gasken ya samu, sai sa rai ya shiga cikin lissafi. Masana a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun duba gwaji 20 a 2022, suka ga cewa waɗanda aka ba na wofi ma sun ji sauƙi sosai, suka kuma lura cewa jaridu sun riƙa yabon wiwi ko da sakamakon gwajin bai goyi bayan yabon ba. Wannan ba ya nufin mai cewa ya ji sauƙi ƙarya yake yi. Sauƙin da ya ji na gaske ne. Abin da ba a tabbatar ba shi ne daga ina ya zo.

Man CBD: kasuwa ta riga hujja

Labarin CBD ya fara ne da farfaɗiya, ba da ciwon jiki ba. Wata yarinya a jihar Kolorado, Charlotte Figi, tana fama da wata muguwar farfaɗiya da ake kira Dravet, tana faɗuwa sau ɗaruruwa a mako. Iyayenta suka gwada man wiwi mai yawan CBD da ƙarancin THC, faɗuwar ta ragu ƙwarai. Tashar CNN ta nuna labarin a 2013, duniya ta ɗauka. Daga baya gwaji na ƙa'ida ya tabbatar da amfanin, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen CBD, a watan Yunin 2018, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Wannan nasara ce ta gaske, kuma babu mai ja a kanta.

A ƙarshen shekarar majalisar Amurka ta halatta noman irin wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Sunan da CBD ya yi a kan farfaɗiya sai aka ɗauke shi aka liƙa wa ciwon baya da na gwiwa, ba tare da an yi wa waɗannan irin gwajin da aka yi wa farfaɗiya ba.

Da aka zo aka yi, sakamakon bai yi daɗi ba. A Ostireliya an ba masu zuwa sashen gaggawa da ciwon baya miligiram 400 na CBD, bai fi na wofi ba. A Denmak an ba masu amosanin gaɓɓai na hannu CBD har mako 12, shi ma bai fi na wofi ba. A 2024 masana daga jami'o'in Bath da Oxford a Ingila da Alberta a Kanada suka tattara gwaji 16 da aka yi da tataccen CBD domin rage ciwo. A 15 daga ciki babu wani bambanci tsakaninsa da na wofi. A ganina wannan ya isa ya sa mai ciwo ya riƙe kuɗinsa.

Sannan ga batun abin da ke cikin kwalbar. A 2017 mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi a kan kayan CBD 84 da aka saya ta intanet. Kashi 31 cikin 100 ne kawai adadin da aka rubuta a jikinsu ya dace da abin da ke ciki. A 18 daga cikinsu an sami THC. Wannan a Amurka ke nan, inda ake da ɗakunan gwaji da kotunan da mai saye zai iya kai ƙara. Kwalbar da ta biyo ta hannun wani mai talla a WhatsApp, babu lambar NAFDAC, babu wanda zai ce ga abin da ke cikinta.

Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2018 tsantsar CBD ba ya sa maye kuma ba ya kama mutum. Amma rashin maye daban, rashin illa daban. CBD mai yawa yana iya taɓa hanta, yana kawo gudawa da barci, kuma yana canza yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna, ciki har da warfarin mai tsinka jini da wasu magungunan farfaɗiya. A watan Oktoban 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage adadin da take ganin lafiyayyen babba zai iya sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10, ta kuma ce masu ciki da masu shayarwa su guje shi.

Masu sikila fa?

Nan ne maganar ta shigo gidajenmu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaron da sikila ta tasar wa ya san cewa babu kalmar da ke ɗaukar wannan azaba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Saboda haka ba na ganin laifin uwar da ta ji an ce akwai wani mai, ta fara tambayar inda ake samun sa.

An gwada. A 2020 aka buga sakamakon wani ƙaramin gwaji da Dakta Donald Abrams da abokan aikinsa suka yi a San Faransisko. Masu sikila 23 ne suka kammala shi, kowannensu ya shaƙi tururin wiwi mai THC da CBD na kwana 5, a wani zagayen kuma ya shaƙi na wofi. Bambancin raɗaɗin bai kai matakin da za a ce ba sa'a ba ce, ko da yake yanayin zuciyarsu ya ɗan gyaru. Mutum 23 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, ta kowace fuska. Abin da aka sani tabbas shi ne hayaƙi abokin gabar huhun mai sikila ne, domin ciwon ƙirji mai tsanani yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Alhali ga maganin da aka tabbatar. Tun 1995 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa haidiroksiyuriya yana rage tashin ciwon sikila da kusan rabi. A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt sun yi shekaru suna gwada shi domin kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, kuma duniya ta karɓi sakamakonsu. Iyaye da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, wasu sun ji amma kuɗin sayensa kowane wata ya fi ƙarfinsu.

Kuɗin da ake biya da lafiya

Wiwin yau ba irin na da ba ne. A samfurorin da hukumomin Amurka suka kama, THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014, kuma akwai nau'o'in da suka zarce haka nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Birazil, aka buga a 2019, ya nuna cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau 5. Kimanin mutum ɗaya cikin 10 na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, kuma adadin ya fi haka ga wanda ya fara tun yana matashi. Mai daɗaɗɗen ciwo kuwa ba sau ɗaya zai sha ba, kullum ne, shekara da shekaru.

Mu ba baƙin wannan matsala ba ne. Binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 10.6 suna shan wiwi, miliyan 4.6 kuma suna shan tiramol da kodin da danginsu ba bisa umarnin likita ba. Abin da ake sayarwa a lungu da sunan Kolos ma sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran roba masu tsananin ƙarfi, dangin waɗanda aka samu a cikin kush, wadda ta sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2024. Babu abin da ya haɗa wannan da maganin da ake aunawa a asibiti.

Akwai masu cewa halatta wiwi zai raba mutane da ƙwayoyi irin su tiramol. Hujjarsu wani bincike ne na 2014 da ya ga cewa jihohin Amurka da suka halatta wiwin magani sun fi ƙarancin mace-macen ƙwaya da kusan kashi 25 cikin 100. A 2019 wasu masana suka maimaita lissafin da hanya iri ɗaya, suka ƙara shekarun har zuwa 2017, sai sakamakon ya juye: mace-macen sun fi yawa da kusan kashi 23 a waɗannan jihohi. Babu ɗayan biyun da ya tabbatar da cewa wiwi ce sanadi. Amma hujjar da ake dogaro da ita ta faɗi.

Malamai da doka

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna wannan tsiro. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya haɗa hukuncinsa da na giya. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, a littafinsa al-Furuƙ ya sa shi cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya bambanta shi da giya ta fuskar haddi da najasa. Dukkansu sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali. Hukuncin tataccen sinadarin da ba ya bugarwa, ko wanda likita ya auna ya bayar saboda lalura, magana ce da ta kamata malamai su zauna da likitoci su fitar wa jama'a da ita a fili, kamar yadda aka daɗe da karɓar allurar barci a ɗakin tiyata da kuma mofin, wanda shi ma daga tsiro mai sa maye ake tatso shi.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta da sassauci. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ta tanadar wa mai noman wiwi kafin a sassauta ta daga baya, kuma tun 1989 hukumar NDLEA ke farautar masu noma da masu sayarwa. Wanda aka kama da man da aka tatso daga wiwi yana iya samun kansa a hannun hukuma, ko da ciwo ne ya sa shi saye. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kira tun 2019 a bari a noma shi domin magani da fitarwa waje, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, ba su kai labari ba. A wasu ƙasashen Afirka an ɗauki wata hanya: Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Gana ta yi dokar noman mai ƙarancin THC a 2020, Maroko ta yi tata a 2021. Sai dai mafi yawan wannan muhawara ta kuɗin shiga ce da kasuwar Turai. Marar lafiyar da ke kwance a Gusau ko Damagaram ba ya cikin lissafin.

Ni dai ina ganin ya dace a ba asibitocin koyarwa da jami'o'inmu izinin bincike a kan waɗannan sinadarai, a ƙarƙashin tsaro mai tsanani, musamman a kan sikila da ciwon jijiya. Muna da tarihin yin haka: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa ɗaukar haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari a ciki, ta gwada shi a kan masu sikila, ya zama Niprisan. Bincike daban, buɗe kasuwa daban.

Maganin da babu shi a kanta

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne, muna ta jayayya a kan maganin da amfaninsa kaɗan ne, alhali wanda amfaninsa ba ya da shakka ya gagari marasa lafiyarmu. Mofin tsohon magani ne, mai araha, kuma tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsarin kwantar da raɗaɗin ciwon daji. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa, kuma abin da ke isa Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Tiramol na jabu yana yawo a tasha da kasuwa, amma mai ciwon dajin da ya ci ƙashi yana iya mutuwa yana ihu a gadon asibiti.

Yuganda ta nuna cewa talauci ba uzuri ba ne. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a can a 1993, ta fara haɗa ruwan mofin na sha mai rahusa. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba.

Ga mai ciwon da aka yi wa tallar kwalbar CBD, kada ya saya sai ya yi magana da likitansa, musamman idan yana da ciki, ko ciwon hanta, ko yana shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya, kuma kada ya ajiye maganin da aka rubuta masa saboda ita. Ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuwa, roƙon shi ne su sa ruwan mofin da haidiroksiyuriya a kowane babban asibiti, da farashin da talaka zai iya biya, su kuma horar da ma'aikatan da za su bayar da su bisa ƙa'ida. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka, kasafin kuɗin shekara mai zuwa ya isa a fara.